Mahaucin da Ba Shi da Tumbi

A shekarar 1992 aka turo ni aiki Tawa daga Damagaram. Ni majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibiti, ta cikin gari. Sunana Sadiƙu, amma a Tawa ba wanda ya taɓa kirana da shi, Majo kawai ake cewa. Mutumin farko da na saba da shi a garin ba a wurin aiki na same shi ba, a kasuwa ne, layin mahauta.

Sunansa Talle, ɗan asalin Affala. Uwarsa ta rasu yana goye, kakarsa ta raine shi, ya shigo Tawa yana saurayi ya koyi fawa. Lokacin da na san shi ya haura shekara arba'in da biyar, ƙato ne, mai faɗin ƙirji da babbar murya. Idan ya kama ƙugun rago ya matsa, zai gaya maka irin kitsen da ke ciki, kuma in an feɗe haka za a tarar. A waccan shekarar jam'iyyu sun fito kamar ciyawar damina, kowa na yawo da hoton ɗan takararsa. Talle ya karɓi hotunan duka ya manna su a jikin rumfarsa, jere da juna. In aka tambaye shi wane yake so, sai ya ce, "Duk masu cin nama ne, mi zai haɗa ni faɗa da su?"

Cinsa kuwa abin labari ne. Da safe koko da ƙosai, da hantsi fura, da rana tuwon gero malmala uku, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi su ci tare. Shi ya sa da ya fara ture kwano, matarsa Zaliha ce ta fara tsorata.

Ta zo ta same ni wata safiya a ƙarshen 1993, bayan na gama duba mata masu awo. Ta ce, "Majo, maigidan nan ba shi da lafiya, kuma ba zai faɗa ba. Loma biyar ya ce ya ƙoshi. Mazagin wandonsa sau biyu ina rage shi. Ya ce gyambon ciki ne, kullum sai jiƙon kanwa."

Na bi shi har rumfa. Da ƙyar ya yarda ya zo na duba shi. Idonsa ya yi fari, kuma da na matsa masa da tambaya ya ce bayan gidansa baƙi ne wuluk tun kafin kaka. Na tura shi wurin likitan gari, likitan ya tura shi Yamai. Tafiyar ta zo daidai da watan da aka karya darajar kuɗin sefa, komai ya yi tsada, amma ƴan'uwansa mahauta suka haɗa hannu, ya hau mota shi da Zaliha.

A Yamai aka zura masa tiyo mai fitila ta baki, aka ga ƙari a tumbinsa, aka ɗebi kaɗan aka gwada. Ciwon daji ne. Likitan da zai yi masa aiki, likita Abdu, tsohon abokin karatun yayana ne, shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Ya ce ya ɗauko takarda zai zana wa Talle yadda cikin mutum yake, sai Talle ya karɓe biron ya zana da kansa, har da saifa da hanta.

Talle ya ce, "To likita, in ka fidda tumbin, ina abinci zai sauka?"

"Za mu jawo hanji mu ɗinke shi da maƙoshi."

"Wane hanjin? Ƙarami ko babba?"

"Ƙarami."

Talle ya duba zanensa. Sannan ya ce, "Zai kai. Amma kada ka ja shi da ƙarfi, wurin ga yana da saurin yagewa."

Likita Abdu ya ce a duk shekarun aikinsa bai taɓa samun marar lafiyar da ya ba shi shawara mai amfani irin wannan ba.

An tsaga shi tun daga ƙahon zuci har ƙasan cibiya. Aka cire tumbin ɗungum, da kaluluwar da ke kewaye da shi. Ya yi kwana ashirin a kwance, domin ƙasan ɗinkin ya yi ruwa, sai da aka riƙa wanke shi kullum. Tari ma sai ya rungume matashi. Mutumin da ke gadon kusa da shi, wani manomi mai irin ciwonsa, an buɗe shi aka tarar abin ya bazu, aka mayar aka rufe, bai kai sati biyu ba. Talle bai cika son maganar mutumin nan ba, amma duk sanda ya ambace shi sai ya yi masa addu'a da sunansa.

Ya dawo Tawa kamar ba shi ba, riga na yawo a jikinsa. Nan aka shiga koyon cin abinci sabo. Ranar farko da ya ji ƙarfi ya sa aka dama masa fura da sukari, ya shanye rabin ƙwarya. Kafin a jima gumi ya karyo masa, zuciyarsa na bugawa, jiri ya kwantar da shi a tsakar gida. Zaliha ta aiko a kira ni a guje. Na bayyana musu cewa yanzu ba wurin da abinci zai tsaya ya jira, kai tsaye yake faɗawa hanji, saboda haka sai kaɗan-kaɗan, sau shida ko bakwai a yini, ban da zaƙi mai yawa, kuma ruwa sai bayan an jima da ci. Zaliha ce ta riƙe dokar, ba shi ba. Ta sayi ƴan ƙananan kwanoni masu murfi guda shida, ta riƙa jera masa su a kwando kowace safiya: dafaffen ƙwai, ɗan nama da ya dahu ligif, tuwo mai laushi, nono marar sukari. Ni kuma nawa aikin allura ce ta ƙarin jini duk wata, wadda marar tumbi ba ya rabuwa da ita har ƙarshen ransa.

Wata shida bai ɗaga ko cinyar saniya ba. Abokin sana'arsa Yunusu ne ke yanka da ɗauka, shi yana zaune yana ciniki da surutu. A hankali ya koma aiki. Bai sake yin ƙiba ba, amma muryar tana nan. Tabon kuwa ya zama abin alfaharinsa. Baƙo ya zo sayen kayan ciki, sai Talle ya ɗaga tumbin rago ya ce, "Saya ka ci, bawan Allah, ni nawa yana Yamai." In mutum ya yi musu, ya ɗage riga.

Haka muka tafi har shekarar 1998. A farkonta wani mutum ya shigo wurina da takardar likita ta ƙasar waje, yana neman irin allurar Talle. Sunansa Alhusaini, ana ce masa Mushe Alhusaini kamar yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, mutumin Maraɗi, mai duba makarantun boko na yankin. An tura shi kwas na wata tara a ƙasar Beljik, can ya yi aman jini, aka gano ciwon dajin tumbi tun yana ƙarami, aka yi masa aiki. Da na ce ya kwanta in duba ɗinkin, sai na tsaya ina kallo. Ba dogon tabo. Ƴan ɗigo biyar ne kamar cizon ƙwaro, da wani gajeren tsagi da bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Na taɓa karanta labarin irin wannan aiki a wata mujalla, amma ban taɓa gani da idona ba.

Sai dai mutumin ba ya cikin hayyacinsa. Ya rame, ba ya son magana, ya ce abinci tsoro yake ba shi, duk abin da ya ci sai jiri da gudawa. Iyalinsa suna Maraɗi, shi kaɗai yake zaune a gidan gwamnati, yana rayuwa da shayi mai sukari da biskit. Na yi masa bayani irin na littafi, ya ce an gaya masa duk wannan da Faransanci. Sai na sa masa ranar allura ta gaba daidai da ta Talle.

Ranar suka haɗu a bencin ƙofar ɗakina. Na ce, "Talle, ga ɗan'uwanka, shi ma an cire masa tumbi."

Talle ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Mushe, in gani."

Mushe Alhusaini mutum ne mai kunya, mai sa riga da taye, amma ya ɓalle maɓalli biyu. Talle ya sunkuya ya ƙura ido, ya miƙe ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, Turawan nan sun cuce ka. Ba su fidda komi ba. Tumbinka na nan ciki."

"An cire, Malam Talle. Na ga hoton."

"Ta ina? Ta wanga rami da ko ɗan yatsa ba ya shiga?"

Mushe ya bayyana masa cewa ta ƙananan hujin ake zura dogayen ƙarafa da wata ƴar na'ura mai fitila da ɗaukar hoto, likita na kallon talabijin yana yanka, a ƙarshe a fito da tumbin ta gajeren tsagin. Ya ƙara da cewa kafin a fara sai an cika cikin da iska don a sami sarari.

Talle ya buga cinya. "Hura ka suka yi! Majo, ka ji? Yadda muke hura rago ta ƙafa kafin fiɗa!"

Mushe Alhusaini ya yi dariya har ya riƙe ciki. Daga baya ya gaya mini rabonsa da dariya tun kafin ya hau jirgi.

Sai Talle ya ɗage tasa rigar, suka shiga gwaji. Mushe ya ce shi kwana biyu ya taka ƙasa, kwana tara aka sallame shi. Talle ya ce shi kwana ashirin, amma aikinsa awa uku aka yi. Mushe ya ce nasa ya kusa awa shida. Talle ya ce to ai ga shi nan, mai ganin abu da ido ya taɓa da hannu ba ya daɗewa. Mushe ya ce shi bai taɓa rungumar matashi don tari ba. Matan da ke jiran awo suka bar hirarsu suna saurare. Da kwandon Talle ya iso daga gida, ya buɗe kwano ɗaya ya tura gaban Mushe, ya ce, "Ci rabi. Tauna har ka gaji. Kada ka sha ruwa sai an kira azahar."

Tun daga ranar Zaliha ta ƙara kwanoni shida. Mushe Alhusaini ya riƙa biyowa ta kasuwa a kan babur ɗinsa kafin ya tafi ofis, ya ɗauki nasa kwandon. Da farko ya so ya ƙi, Zaliha ta aika masa cewa ita ba ta iya dafa abincin marar tumbi na mutum ɗaya ba, hannunta ya saba da yawa. Cikin wata uku ya ciko, gudawar ta tsaya. Da azumi ya zo, su biyun suka je wurin limamin unguwa tare, ya ce musu lalurarsu ta ɗauke musu, su ciyar. Talle ya fi jin zafin wannan a kan tsagar da aka yi masa, Mushe ne ya riƙa ba shi baki.

Musun dai bai mutu ba. Abin da ya tsaya wa Talle a rai shi ne yadda za a raba tumbi da abin da ke riƙe da shi ba tare da an buɗe ciki ba. Wata Laraba da safe na je kwata sayen hanta, na tarar da mahauta sun yi da'ira suna ta dariya. Talle ne a tsakiya. Ya yanka rago ya feɗe fatar, amma bai tsaga cikin ba. Ya yi masa ƴan huji biyar, ya lanƙwasa wayoyin keke biyu, ya ɗaura reza a bakin kara, Yunusu na haska masa tocila ta rami ɗaya. Ya fi awa yana fama, gumi na zuba, masu sayen nama na jira. Can sai rezar ta huda tumbin, abin da ke ciki ya tsiyayo ta dukan hujin biyar. Yunusu ya jefar da tocilar ya yi baya. Sai da aka tsaga ragon aka yi ta wanki, kuma ranar gidan Talle da maƙwabta suka ci nama har suka gaji, domin ya ce ba zai sayar wa mutane abin da ya yi wasa da shi ba.

Da yamma ya sami Mushe ya ce, "Na janye rabin maganata. Wanda ya yi maka aikin ga gwani ne, a gaishe shi. Amma rabin na nan. Kaluluwa da hannu ake jin ta. Ƙarfe ba ya ji."

An yi sa'a bayan wata biyu likita Abdu ya zo Tawa rangadin aiki. Na gayyace shi cin abinci gidana, na kira su biyun. Ko zama bai gama yi ba suka ɗage riguna. Ya duba na Talle ya yaba wa kansa, ya daɗe yana duba na Mushe, yana ta tambayoyi. Sannan ya ce musu gaskiyar abin da ya sani. Ƙananan huji sun fi saurin warkewa, zafinsu kaɗan ne, jinin da ake zubarwa ma kaɗan. Amma aikin sabo ne, yana cin lokaci, yana son na'urori da wutar da ba ta ɗaukewa da hannun da ya saba, kuma a lokacin an fi yin sa ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Ƙarin Talle ya girma, ko a can ma da wuya a ƙi buɗe shi. Ko wanne ya fi hana ciwon dawowa, ya ce wannan sai an tara shekaru ana bin mutane da yawa kafin a sani. "Abin da ke sa in yi barci da daɗi," in ji shi, "ba girman ƙofar ba ne. In fitar da ciwon duka, kuma mutum ya zo da wuri."

Talle ya ce, "Kun ji, ya ba ni gaskiya."

Mushe ya ce, "Ni ya ba."

Likita Abdu ya ce shi dai a miƙo masa miya.

Amfanin musun nan ya fito a kan Rissa, wani makiyayi daga arewacin Takanamat wanda ya shekara ashirin yana kawo wa Talle raguna. Ya zo kasuwa a rame, yana dafe da ciki, ya ce ciwon ya hana shi shan shayi, kuma ya ga baƙin bayan gida. Likitan gari ya ce ya tafi Yamai a zura masa tiyo. Rissa ya ce shi ba mai tsaga shi, gara ya koma cikin dabbobinsa ya jira abin da Allah ya rubuta. Talle ya zaunar da shi a rumfa ya aika aka kira Mushe daga ofis. Suka tsaya gabansa, kowa ya kama bakin rigarsa.

Talle ya ce, "Duba nan. Wanga babbar ƙofa, wanga ƙarama. Duk mu biyu ga mu tsaye, muna ci muna sha."

Rissa ya gyara rawaninsa, ya nuna cikin Mushe ya ce, "In dole ne, irin wannan nake so."

Mushe ya ce, "Irin wannan babu shi a ƙasarmu tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Irin na Malam Talle za a yi maka. Amma ka dube shi, shekara huɗu ke nan, kuma ya fi ni ƙarfi. Abin da ya cece ni ba ƙanƙantar ramin ba ce, da wuri aka gani."

Wannan ne karo na farko da na ji Mushe ya sassauta a musun, kuma Talle bai yi masa dariya ba. Ya ce wa Rissa shi zai raka shi da kansa, ya san hanya, ya san likitan. Suka tafi ranar Asabar. Bayan kwana shida sai ga su sun dawo, Rissa na murmushi, Talle na ɓata rai. Gyambon ciki ne kawai, ba daji ba. An ba shi ƙwayoyi na wasu makonni, an hana shi shayi mai ƙarfi da taba.

Na ce, "Talle, ai abin murna ne."

Ya ce, "Na yi murna, Majo, Allah ya sani. Amma duk hanya ina koya masa yadda ake cin abinci, har na sa Zaliha ta nemo wasu kwanoni. Ashe mutumin da tumbinsa zai dawo."

Rissa ya warke sarai. Da kaka ya kawo tunkiya biyu, ɗaya ta Talle, ɗaya ta Mushe. Mushe bai san inda zai sa tunkiya a gidan gwamnati ba, sai aka haɗa su a garken Zaliha.

A ƙarshen 1999 aka mayar da Mushe Alhusaini Maraɗi. Zaliha ta zauna ta faɗa masa yadda take dafa kowane abu, yana rubutawa a littafin makaranta don ya kai wa matarsa, shafi goma sha ɗaya. Bai yanke zumunci ba. Duk ƙaramar salla sai ya zo Tawa, kuma ɗiyar Talle ta fari a gidansa ta zauna lokacin da ta yi karatun ungozoma a Maraɗi.

Talle ya ci gaba da fawa har ƙarfinsa ya ragu, ya bar wa Yunusu wuƙa ya koma sayen dabbobi a kasuwannin ƙauye, Tebaram da Affala da Takanamat. Ciwon bai dawo ba. Ya rasu shekara goma sha uku bayan aikin, da ciwon haƙarƙari na kwana biyar, a ɗakinsa, Zaliha na kusa. Mushe ya kamo hanya tun da safe, ya iso ana shirin sallar gawa, aka matsa masa ya shiga sahun gaba. Ya kwana uku yana karɓar gaisuwa tare da dangi, kuma mutanen Affala da yawa sun koma gida suna zaton ƙanen mamacin ne.